Ridda, mulhidanci da ɓatanci: Abin da doka ta tanada a Najeriya da sauran ƙasashen Musulmi

Duk lokacin da aka gurfanar da wani a gaban kuliya kan batun addini a Arewacin Najeriya, kalmomi uku ne ke yawo a bakunan jama'a: ridda, mulhidanci da ɓatanci. Galibi akan zuba su a kwando guda, alhali a idon doka kowace da matsayinta. Ridda ita ce fita daga Musulunci bayan an kasance a cikinsa. Mulhidanci shi ne ƙin yarda da samuwar Ubangiji baki ɗaya. Ɓatanci kuwa shi ne furta ko rubuta abin da ke wulaƙanta Allah, ko Annabawa, ko Littattafai masu tsarki.

Bambancin yana da nauyi, domin a Najeriya babu rubutacciyar dokar da ta ambaci fita daga addini ko rashin imani a matsayin laifi, amma akwai dokokin da ke hukunta ɓatanci, wasu da ɗaurin shekara biyu, wasu da kisa. Ɗan kasuwar da ke auna shinkafa ko riɗi a Haɗejia, da ma'aikacin gwamnatin da ke muhawara a zauren WhatsApp na ofis, duk suna ƙarƙashin waɗannan dokoki, ko sun san da su ko ba su sani ba.

Yadda doka ta sauya a ƙasar Haɗejia

Tun farkon ƙarni na 19 da masarautar Haɗejia ta shiga Daular Usmaniyya, alƙalanta na yanke hukunci ne bisa fiƙihun Malikiyya, kamar yadda yake a Risala da Mukhtasar. Bayan yaƙin watan Afrilun 1906, wanda Sarki Muhammadu Mai Shahada ya kwanta dama a cikinsa, Turawan Ingila suka bar kotunan alƙalai suna aiki, amma suka hana yanke hannu da jifa, suka kuma shardanta cewa ba za a zartar da hukuncin kisa ba sai da amincewar hukumarsu.

Gab da samun mulkin kai, gwamnatin Sardauna ta kafa kwamitin masana shari'a a 1958, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat. Shawarar kwamitin ce ta haifar da kundin Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960 ya maye gurbin fiƙihu a shari'o'in laifuka. Babu ridda a cikin wannan kundi. Abin da ke ciki shi ne sashe na 210, wanda ya tanadi ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko tara, ko duka biyun, ga wanda ya zagi wani addini a bainar jama'a ta hanyar da ka iya tayar da tarzoma. Sashen bai ware Musulunci ba, kowane addini ya shafa. Kundin laifuka na Kudu ma yana da makamancinsa a sashe na 204.

Haɗejia ta kasance cikin Jihar Kano daga 1967 har zuwa 27 ga Agustan 1991 da aka ƙirƙiro Jigawa, wadda ta gaji kundin Final Kod kamar sauran jihohin Arewa. Sai kuma a watan Oktoban 1999 Gwamna Ahmad Sani Yarima ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Zamfara, jihohi 11 suka bi sahu, ciki har da Jigawa a shekarar 2000 zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki. Tun daga nan Musulmin da ke ƙananan hukumomi takwas na masarautar, wato Haɗejia, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kirikasamma da Malam Madori, ya koma ƙarƙashin dokoki hawa uku: Final Kod, dokokin shari'ar Musulunci na jiha, da kundin tsarin mulkin ƙasa wanda ke saman su duka.

Abin da tsarin mulki ya ce

Sassa biyar na kundin tsarin mulkin 1999 ne ginshiƙin wannan batu. Sashe na 10 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin hukuma. Sashe na 38 ya ba kowane mutum 'yancin tunani da aƙida da addini, kuma ya ambaci 'yancin sauya addini ƙarara. Sashe na 39 ya kare faɗin albarkacin baki. Sashe na 36(12) ya ce ba za a kama mutum da laifi ba sai laifin da hukuncinsa suna rubuce a cikin wata doka. Sashe na 45 kuwa ya ba majalisa damar taƙaita wasu daga cikin waɗannan haƙƙoƙi saboda tsaro, ko zaman lafiya, ko tarbiyyar jama'a, ko kare haƙƙin wasu, matuƙar taƙaitawar abar karɓa ce a tsarin dimokuraɗiyya.

Wannan ne ya sa waɗanda suka tsara kundin shari'a na jihohi a 2000 ba su sanya ridda a jerin laifukan haddi ba, duk da tana cikin littattafan fiƙihun da suka dogara da su. Da sun sanya ta, da ta yi karo kai tsaye da sashe na 38. Ɓatanci kuwa ya samu shiga. A Kano, sashe na 382(b) na kundin shari'ar jihar ya tanadi kisa ga Musulmin da ya zagi Alƙur'ani ko wani Annabi. Masu kare sashen na kafa hujja da sashe na 45. Masu sukarsa na cewa kisa ya zarce duk wani ma'auni na taƙaita haƙƙi.

Shari'ar Mubarak Bala

Shari'ar da ta fi fito da bambancin ridda da ɓatanci fili ita ce ta Mubarak Bala, injiniya haifaffen Kano. A 2014 ya bayyana cewa ya bar Musulunci kuma bai yarda da samuwar Allah ba. Danginsa suka kai shi sashen masu taɓin hankali na wani asibiti a Kano, inda ya yi kwana 18. Hukuma ba ta tuhume shi da komai ba a lokacin, domin babu dokar da za ta tuhume shi da ita. Ya ci gaba da rayuwarsa har ya zama shugaban wata ƙungiya ta marasa addini a Najeriya.

Ranar 28 ga Afrilun 2020 aka kama shi a Kaduna, bayan wasu lauyoyi sun kai koke ga 'yan sandan Kano kan rubuce-rubucen da ya wallafa a Facebook game da Manzon Allah (SAW). Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ba da umarnin sakinsa a watan Disambar wannan shekara, amma ba a bi umarnin ba. An gurfanar da shi a Babbar Kotun Jihar Kano ƙarƙashin sassa na 114 da 210 na Final Kod, waɗanda suka shafi tayar da hankalin jama'a da zagin addini. Ranar 5 ga Afrilun 2022 ya amsa tuhuma 18, aka yanke masa ɗaurin shekara 24. A watan Mayun 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ga hukuncin ya yi tsauri ta mayar da shi shekara biyar. An sake shi a wannan shekara, aka sanar da duniya a Janairun 2025.

Abu biyu ne suka fito daga wannan shari'a. Ba kotun shari'ar Musulunci ce ta saurare ta ba, kuma kalaman da ya wallafa aka hukunta. Shekara shida da ya yi yana bayyana rashin imaninsa ba su kai shi gaban alƙali ba.

Waɗanda aka yanke wa kisa

Waɗanda aka yanke wa hukunci mafi tsanani a Kano mutane ne da ke kiran kansu Musulmi. Ranar 10 ga Agustan 2020 Babbar Kotun Shari'ar Musulunci da ke Hausawa Filin Hoki ta yanke wa mawaƙi Yahaya Sharif Aminu hukuncin kisa ta hanyar rataya, kan wata waƙa da ya yaɗa a WhatsApp. Tun kafin a kama shi, fusatattun matasa sun ƙona gidan iyayensa. A wannan rana kotun ta ɗaure wani yaro shekara 10 kan kalaman da ya furta yayin sa-in-sa da abokinsa.

A Janairun 2021 Babbar Kotun Kano ta wanke yaron, ta kuma rushe hukuncin Yahaya saboda an yi masa shari'a babu lauya, ta ce a sake ta daga farko. Lauyoyinsa suka ƙalubalanci halaccin dokar kanta. A Agustan 2022 Kotun Ɗaukaka Ƙara, da rinjayen alƙalai biyu cikin uku, ta ce kundin shari'ar Kano bai saɓa wa tsarin mulki ba. Daga nan batun ya wuce Kotun Ƙoli. Haka kuma, ranar 15 ga Disambar 2022 kotun shari'a ta Ƙofar Kudu ta yanke wa Malam Abduljabbar Nasiru Kabara hukuncin kisa kan ɓatanci, bayan muƙabalar da aka yi da shi a Yulin 2021, shi ma ya ɗaukaka ƙara.

Tun daga 2000 ba a zartar da kisa a kan kowa ba a Najeriya bisa hukuncin kotu na ɓatanci. Hukuncin kisa ba ya tabbata sai an gama ɗaukaka ƙara, gwamna kuma ya sa hannu.

A gefe guda, ranar 9 ga Afrilun 2025 Kotun ECOWAS ta yanke hukunci cewa sashe na 210 na Final Kod ɗin Kano da sashe na 382(b) na kundin shari'arta sun saɓa wa yarjejeniyoyin kare haƙƙin ɗan Adam da Najeriya ta rattaba wa hannu. Ta ce na farkon bai fayyace abin da ake nufi da zagi ba, na biyun kuma hukuncinsa ya wuce kima, ta umarci a soke su ko a gyara. Gwamnatin Kano ta ce ba za ta janye dokokinta ba. Tun da sashe na 210 gadon Jihar Arewa ne baki ɗaya, hukuncin ya shafi muhawarar da ake yi a kansa a sauran jihohi, har da Jigawa.

Matsayin malaman fiƙihu

Mazhabobi huɗu na Ahlus Sunna sun tafi a kan cewa hukuncin namiji baligi mai hankali da ya yi ridda kisa ne. A Malikiyya ana neman tubarsa kwana uku ba tare da yunwa ko azabtarwa ba, in ya tuba a sake shi. Hanafiyya sun ce ba a kashe mace, sai dai a tsare ta. An ruwaito daga Ibrahim an-Nakha'i da Sufyanus Sauri, cikin magabata, cewa ana ci gaba da neman tubar mai ridda ba tare da iyaka ba. Game da zagin Annabi (SAW), mashhurin zance a Malikiyya shi ne tuba ba ta kawar da hukuncin, kamar yadda Alƙali Iyad ya yi bayani a ƙarshen littafin Ashafa da ake karantawa a ƙasar Hausa.

Wasu malaman zamani, irin su Shehun Azhar Mahmud Shaltut da Ɗaha Jabir al-Alwani, sun sake duba batun ridda. Hujjarsu ita ce Alƙur'ani ya ambaci azabar mai ridda a lahira ba tare da ya yanke masa haddi a duniya ba, kuma aya ta 256 a Suratul Baƙara ta kore tilastawa a addini. A fahimtarsu, riddar da hadisai suka hukunta ita ce wadda ta haɗu da cin amanar al'umma da komawa sahun abokan gaba. Malamai da dama sun yi musu raddi, suna masu riƙo da zahirin hadisi da maganar jamhuru.

Inda ɓangarorin suka haɗu shi ne, tabbatar da laifi aikin alƙali ne ta hanyar shaidu ko iƙirari, zartar da hukunci kuma aikin shugaba ne. Babu mazhabar da ta miƙa wannan aiki ga taron jama'a.

Sauran ƙasashen Musulmi

Cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta gano cewa a 2019 ƙasashe da yankuna 79 cikin 198 na da dokar ɓatanci, 22 kuma na da dokar ridda. Dokar ɓatanci ta ratsa nahiyoyi da addinai, ta ridda kuwa ta fi yawa a Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka. Ƙasashen Musulmi sun kasu kashi uku a kan wannan.

Kashi na farko su ne masu hukunta ridda ko ɓatanci da kisa. A Saudiyya alƙalai na hukunci da fiƙihu kai tsaye, kuma a 2014 Ma'aikatar Cikin Gida ta sanya kira zuwa ga mulhidanci cikin ayyukan ta'addanci. Iran ta rataye mutum biyu kan ɓatanci a Mayun 2023. A Muritaniya an yanke wa marubuci Muhammad Shaikh Wuld Mukhaiɗir kisa a 2014, aka rage hukuncin a 2017, aka sake shi a 2019, amma a 2018 majalisar ƙasar ta ƙara tsaurara sashe na 306 na kundin laifukanta. Pakistan ba ta da dokar ridda, sai dai sashe na 295-C da aka shigar a 1986 ya tanadi kisa kan ɓatanci. Gwamnati ba ta taɓa zartar da shi ba, amma an kashe mutane da dama a hannun gungun jama'a, har da Gwamnan Punjab, Salman Taseer, wanda mai gadinsa ya harbe a 2011 saboda ya soki dokar.

Kashi na biyu su ne waɗanda ba su da dokar kisa, amma suna da wasu hanyoyin matsi. A Masar ana amfani da dokar wulaƙanta addini, kuma a 1995 kotu ta raba auren malamin jami'a Nasr Hamid Abu Zaid bisa hukuncin cewa ya yi ridda. A Indonesiya an ɗaure wani ma'aikacin gwamnati, Alexander Aan, shekara biyu da rabi a 2012 kan rubutun mulhidanci a Facebook. A Malesiya kotun ƙoli ta ce a 2007 wata mata mai suna Lina Joy ba za ta cire Musulunci daga katin shaidarta ba sai da izinin kotun shari'a. Maroko ba ta hukunta mai barin addini, amma tana ɗaure mai ƙoƙarin fitar da Musulmi daga addininsa.

Kashi na uku su ne waɗanda suka raba addini da hukuma, irin su Senegal, Mali, Turkiyya, Albaniya da Nijar. Tunisiya ta rubuta 'yancin aƙida a tsarin mulkinta na 2014, ta kuma haramta kafirta mutane. Sudan, wadda Final Kod ɗin Arewa ya samo tsarinsa daga gare ta, ta ɗanɗana ɓangarorin biyu: ta rataye Mahmud Muhammad Ɗaha kan ridda ranar 18 ga Janairun 1985 zamanin Numairi, ta yanke wa Maryam Yahaya Ibrahim kisa a 2014 kafin kotun sama ta sake ta, sannan ta soke dokar ridda baki ɗaya a Yulin 2020.

Dokokin duniya

Sashe na 18 na sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 ya ƙunshi 'yancin sauya addini. Saudiyya ta ƙaurace wa ƙuri'a, Pakistan da Masar da Iran suka goyi baya. Najeriya ta shiga yarjejeniyar haƙƙoƙin farar hula da siyasa a 1993, kuma a wannan shekara kwamitin da ke fassara yarjejeniyar ya bayyana cewa kariyarta ta haɗa da marasa addini. Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam, wadda Najeriya ta mayar dokar cikin gida, ta kare 'yancin aƙida a sashe na 8. Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta fitar da tata sanarwar a Alƙahira a 1990, inda ta ɗora dukkan haƙƙoƙi a kan ma'aunin shari'a. Turai ma ba ta tsaya wuri ɗaya ba: Denmark ta soke dokar ɓatanci a 2017, sannan a 2023 ta haramta ƙona Littattafai masu tsarki a bainar jama'a.

Hukuncin titi

Rayukan da aka rasa kan zargin ɓatanci a Najeriya, a titi da kasuwa da makaranta aka rasa su. An kashe Gideon Akaluka a Kano a 1994, da 'yar kasuwa Bridget Agbahime a Ƙofar Wambai a Yunin 2016, da ɗaliba Deborah Samuel a Sakkwato ranar 12 ga Mayun 2022, da mahauci Usman Buda, wanda Musulmi ne, a Sakkwato a Yunin 2023. Majalisar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan Deborah, ta nemi a hukunta masu hannu a ciki. Mutum biyar da aka gurfanar kan kisan Bridget kuwa an sallame su cikin watanni.

Jigawa ma ta taɓa gani. A Satumban 2006 zargin ɓatanci da aka yi wa wata mata a Dutse ya jawo ƙona majami'u da shaguna, har aka sa dokar hana fita. A Damagaram, maƙwabciyar Jigawa ta arewa, zanga-zangar Janairun 2015 kan zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa ta ci rayuka da dukiya, duk da tsarin mulkin Nijar na lokacin ya raba addini da hukuma. Ke nan samuwar dokar ɓatanci ba ta hana tarzoma a Kano ba, rashin tsaurinta kuma bai hana a Damagaram ba.

A garin kasuwanci kamar Haɗejia, inda fatake daga sassan ƙasar nan ke zuwa sayen kifi da shinkafa da riɗi, husuma kan bashi ko rumfa na iya rikiɗewa ta zama zargin addini cikin ƙiftawar ido, kuma zargi irin wannan ba ya jiran shaida. Abin da doka ta tanada ga wanda ya ji kalaman da yake ganin ɓatanci ne shi ne ya kai rahoto ga 'yan sanda ko ya shigar da ƙara. Kai rahoton ƙarya laifi ne. Kashe wanda ake zargi kisan kai ne, wanda sashe na 221 na Final Kod ya tanadi kisa a kansa, ko da daga baya an tabbatar cewa mamacin ya furta kalaman.

Tambayar da ta rage ita ce ko jiha na da hurumin yanke wa mutum kisa kan furuci, alhali tsarin mulki ya kare 'yancin aƙida da na magana. A Satumban 2025 Kotun Ƙoli ta ba lauyoyin Yahaya Sharif Aminu damar ci gaba da ƙararsu. Hukuncin da za ta yanke zai zama wajibi a kan kowace kotu a ƙasar nan, tun daga Abuja har kotun shari'a ta Haɗejia.